Zauren Ciniki: Gidan haya a Agye, Gazawa da Gidan Rumji, a ƙirga baƙi kafin a ƙirga tubali



Kowace shekara idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi, aka tone aya da gujiya, aka kai wake da riɗi kasuwa, kuɗi sukan ɗan zauna a hannun mutane. A lokacin ne ɗan kasuwar Cadawa ko na Tsibiri yake shiga tunanin inda zai ajiye ribarsa don kada ta narke a hidimar biki da suna. Haka shi ma ma'aikacin gwamnati wanda furfura ta fara leƙo masa, ya ga ranar ritaya tana matsowa, ga iyali, ga kuma fanshon da ba zai ɗauki nauyin gida ba. Su duka biyun shawara guda ake ba su a majalisa: ka sayi gida ka zuba ƴan haya, ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya ɗaukar ta a ka.

Maganar tana da gaskiyarta, sai dai an faɗi rabi an bar rabi. Bango ba ya biyan haya, mutum ne yake biya. A garuruwa irin su Agye, Gazawa da Gidan Rumji kuwa, mutanen da suke neman gidan haya ƴan kaɗan ne, ana iya ƙirga su, kuma abin da ya kawo su garin yana iya kwashe su cikin mako guda. Wanda ya fara da sanin su wane ne waɗannan mutane, ya san abin da zai saya da farashin da zai tsaya a kai. Wanda ya fara da tambayar kuɗin bulo da siminti, ya ɗauko zancen ta wutsiya.

Su wane ne ƴan hayar?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum kusan dubu 246 a gundumar Agye, fiye da dubu 160 a ta Gazawa, fiye da dubu 523 a ta Gidan Rumji. Dillali zai karanta maka waɗannan alƙaluma ya ce ga kasuwa. To, amma mafi yawan mutanen nan manoma ne da makiyaya, suna zaune a ƙauyukansu cikin gidajen gado. Ko a cikin gari, ɗan gari ba ya haya. Idan saurayi zai yi aure, ana yanka masa wuri a gidan ubansa ya tada ɗaki. Mai haya baƙo ne wanda aiki ko fatauci ya kawo, kuma baƙin nan iri uku ne.

Na farko ma'aikatan gwamnati: malaman lakkol, ma'aikatan likita, jandarma da ƴan sanda, ma'aikatan duwan, na gandun daji, na noma da kiwo, na kotu. Su ne ƙashin bayan haya a babban garin kowace gunduma. A dubi abin da ya faru a 2011, lokacin da aka cire Gazawa da Gangara daga Agye aka mai da su gunduma mai zaman kanta. An naɗa perfe, an buɗe ofisoshi, aka turo ma'aikata, masu ɗakuna a Gazawa suka sami baƙi. Darasin shi ne, sa hannu guda a Yamai yana iya cika maka gida, yana kuma iya barin ka da makullai a hannu. Ma'aikaci ba ya zama inda ya so. Takardar canjin wurin aiki takan fito lokacin babban hutu, malami ya tattara kayansa a watan Yuli, wanda zai maye gurbinsa kuma ba zai iso ba sai an buɗe lakkol a Oktoba. Waɗannan watanni a aljihun mai gida suke faɗuwa.

Dattawan cikinmu ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da albashi yakan yi watanni bai fito ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kwano da siminti da ƙarfe ya tashi, alhali ɗan hayar da ke cikin gidan yana bin gwamnati bashi, mai gida yana bin sa. Wanda duk ƴan hayarsa daga asusu guda ake biyan su, ranar da asusun ya tsaya, shi ma ya tsaya. Sa'an nan a tuna cewa malamai da yawa ƴan kwantaragi ne, abin da suke karɓa a wata bai kai su zauna a babban gida ba. Wasu kuma sun bar iyalinsu a Maraɗi, domin duka garuruwan nan suna kan babbar hanya ta 1, ranar Juma'a da yamma sun shiga mota, ranar Litinin sun dawo. Abin da irin waɗannan suke nema shi ne ɗaki guda, ko ciki da falo, mai ƙofa mai ƙwari, da makewayi mai tsabta, da famfo a kusa.

Na biyu ma'aikatan ayyukan raya karkara da na ƙungiyoyin agaji. Agye ta daɗe da sanin su, tun aikin PDRAA na asusun FIDA a shekarun 1990, da PPILDA wanda ya biyo bayansa. Yunwar 2005 ta jawo ƙungiyoyi da yawa cikin jihar Maraɗi. Daga 2019 kuma, da ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakwari, ma'aikatan agaji suka biyo su. Waɗannan ƴan haya suna biya da kyau, suna biya a kan lokaci, shi ya sa ido yake rufewa a kansu. Amma kowane aiki da ranar ƙarewarsa a rubuce tun ranar da aka buɗe shi, wani ma ba ya kai ranar. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da yawa a ƙasashen Afirka suka tsaya ba shiri. Wanda ya ci bashi ya gina katafaren gida mai ɗakuna biyar da garejin mota don wata ƙungiya, ranar da ta naɗe tabarmarta, wa zai shiga a garin da babban albashi bai wuce na mutum goma ba?

Na uku ƴan kasuwa da masu sana'a, masu neman shago a bakin hanya ko mangazar ajiye aya da wake kusa da kasuwa. Arzikinsu yana rataye da kaka da kuma iyaka. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe ta, ba a buɗe ba sai a 2024, aka kuma yanke wutar da Nijeriya take sayar wa ƙasarmu. Jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda layinsu ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, sun sha duhu. Mai walda, da mai injin niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, idan ba wuta ba aiki, idan ba aiki ba kuɗin shago.

Saboda haka kafin ka taya gida, ka ɗauki mako guda kana yawo da kaye a hannu. Lakkol nawa ne a garin, malamai nawa ne baƙi? Ɗakuna nawa ne a unguwar suke rufe, tun yaushe? Nawa ake biya a zahiri, ba nawa ake faɗi ba? Mai shayi da mai unguwa za su ba ka amsar da dillali ba zai ba ka ba. Idan kana da zaɓi, ƙananan ɗakuna huɗu masu mutum huɗu daga ma'aikatu dabam-dabam sun fi babban gida guda mai mutum guda kwanciyar rai.

Lissafin dillali da lissafin mai gida

Bari mu ɗauki misali, kowa ya sauya alƙaluman da na garinsu. A ce an yi maka tayin gida a kan miliyan 6 na sefa, yana da sassa 3, kowane sashe ana biyan jika 15 a wata. Dillali zai ce jika 45 a wata, jika 540 a shekara, cikin shekara 11 kuɗinka sun dawo. Yanzu ka zauna ka yi naka lissafin. Idan kowane sashe ya yi wata 2 babu kowa, jika 90 sun tafi, saura 450. Yaɓe, gyaran rufi, kwashe shadda, sauya makulli da fenti, a ce jika 60, saura 390. Lanho da kuɗin da wani zai tafi da su bai biya ba, a ce jika 40, saura 350. To, miliyan 6 a raba da jika 350, ya zama shekara 17 da ƴan watanni. Tsakanin 11 da 17 akwai shekara 6 na rayuwar mutum.

Wannan bai ce kada a saya ba. Gidan yana nan, darajar fili takan tashi, ƴaƴa za su gada. Amma ɗan kasuwa ya auna da abin da miliyan 6 ɗin za su kawo masa idan ya sayi aya da kaka ya sayar da bazara, kada ya cire uwar kuɗin da yake juyawa ya binne a bango, ya dawo yana neman rance don ya cika shago. Ma'aikaci kuma da zai ci bashin banki a kan albashinsa, ya tuna cewa banki yana cire rabonsa kowane ƙarshen wata, ko ɗaki da mutum ko babu. Idan abin da za a riƙa cirewa ya fi abin da gidan zai kawo a shekara mai wuya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma masu sayar da fili da labarin jirgin ƙasa. Gaskiya ne a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Amma layin birnin Maraɗi ya nufa ta kudu, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kada ka biya kuɗin gobe a kan filin da ko jaki ba ya tsayawa a gabansa yau.

Takarda kafin kuɗi

Filaye a garuruwanmu ba matsayinsu guda ba. Akwai parsel da ke cikin lotisma, wadda ma'aikatar magajin gari ta yanka ta ba da takardar sayarwa, akti da sesiyo, mai lambar fili da ta rukunin da yake ciki. Akwai wanda mai shi ya bi matakai har ya sami titir fonsiye, wadda ita ce takarda mafi ƙarfi, kuma ita banki ya fi yarda da ita. Akwai kuma gonar bakin gari da mai ita ya yayyanka da igiya yana sayarwa. Irin wannan ta fi araha, ta kuma fi kai mutane kotu.

Idan parsel ce, kada ka tsaya a kan takardar da aka miƙo maka. Ka je da ƙafarka ma'aikatar magajin gari a buɗe rajista, ka ga sunan wa ke kan lambar, ka kuma sa ma'aikacin safiyo ya nuna maka duwatsun iyaka. Fili guda mai takarda biyu ba sabon labari ba ne a ƙasar nan. A watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Shugabanni suna sauyawa, rajista ce take zama, don haka abin da ba ya cikinta, alkawarin baki na wani babba ba zai tsare maka shi ba. Bayan ciniki, ka sa a sauya suna nan take. Mutane da yawa suna riƙe da takarda mai sunan wanda ya rasu shekara ashirin da suka wuce.

Idan gona ce, dokar ƙasa ta karkara wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye, Kofo, tun daga ƙauye har ƙaramar hukuma da gunduma. A can ake ba da shaidar sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta jingina da ta mallakar gado. Ka tambaye su ko wurin ya shiga burtali ko makiyaya, domin waɗannan ba na sayarwa ba ne, ko wane ne ya sa hannu. Ka kuma san cewa ranar da lotisma ta iso wurin, titi yana iya bi ta tsakiyar ɗakin da ka gina.

Gidan gado shi ne babban rami. Mutum guda zai zo ya ce shi ne babban wa, kowa ya yarda. Ka tambaya: an raba gadon? Ina takardar rabo? Matar mamacin tana da tumuninta idan akwai ƴaƴa, ƴaƴa mata suna da rabonsu, marayu ƙanana suna da waliyyi, wanda ya tafi Kano ko Agadas ko Libiya neman kuɗi shi ma magaji ne, kuma zai dawo. A mazhabar Malikiyya akwai shuf'a, watau abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon ya mai da maka kuɗinka ya karɓi rabon da ka saya. Saboda haka kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, wanda ba ya nan ya aiko wakilci a rubuce. Ka tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, ko gidan yana hannun wani a jingina. Kuɗi kuma a biya su gaban shaidu da hukuma, idan cinikin babba ne a je wurin noter a Maraɗi. Abin da za ka ba shi bai kai kuɗin motar zirga-zirgar shari'a ba.

A ga gida da damina

Kowane gida kyakkyawa ne a watan Maris. Mai son sanin gaskiyarsa ya je a Agusta, bayan an ɗauke ruwa. Gulbin Maraɗi ya ratsa ƙasar Tsibiri da Gidan Rumji, Gulbin Kaba kuma yana ƙasar Agye da Gazawa, ga tafkuna da tsofaffin kududdufai da gari ya cinye aka yi gini a kansu. Daminar 2024 ta koya wa kowa darasi. Ruwan da aka yi a ƙarshen Agusta ya rusa gidaje masu yawa a birnin Maraɗi, an yi asarar rayuka, har a watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti don mutane su sake gini. Idan ba za ka iya jira damina ba, ka dubi gindin bango ko akwai layin da ruwa ya bari, ka dubi tsayin dakali a kan titi, ka ga inda indararo yake zuba, ka ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta cinye cikinta, ka tambayi shekarar da aka haƙa shadda. Ka tafi da magini naka, ba na mai sayarwa ba. Ginin laka yana da sanyi da araha, amma yana son yaɓe a kai a kai, kuma idan ya faɗa wa ɗan haya da iyalinsa, ba asarar kuɗi kaɗai ke kanka ba.

Zama da ɗan haya

Mu Hausawa muna jin nauyin rubutu tsakaninmu, sai mutum ya ga kamar an ce ba a yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hukuma ma ta yi nata tanadi, ranar 18 ga Afrilu 1996 aka sa hannu a kan doka ta musamman game da hayar gidaje. Kafin ka yanka kuɗin haya ko na ajiya, ka leƙa kotun gunduma ko ma'aikatar magajin gari a nuna maka ƙa'idar da ake bi, don kada ka rubuta sharaɗin da alƙali zai yar.

Takardar haya ba sai ta yi tsawo ba. Shafi guda ya isa, da Faransanci ko da Hausa, kowa ya riƙe tasa. A rubuta sunan mai gida da na ɗan haya da wurin aikinsa, kuɗin wata da ranar biya, abin da aka ajiye na kosiyo, tsawon sanarwa kafin fita ko fitarwa, mutum nawa za su zauna, ko an yarda da kiwon tumaki a tsakar gida, da wanda zai ɗauki kowane irin gyara. Rufi, bango da shadda na mai gida ne. Ƙwan fitila, kan famfo da makullin da aka ɓatar na ɗan haya ne. Ranar shiga a zaga gidan tare, a rubuta halin kowace ƙofa da taga, a ɗauki hoto da salula, a rubuta lambar da kontar wuta da ta ruwa suke nunawa. Yawancin rigimar gidan haya daga takardar wuta da ruwa take tashi, ɗaya yana da firji da dutsen guga, ɗaya fitila guda, a ce su raba daidai. Idan da hali kowane sashe da kontarsa. Idan babu, a yanke rabon kowa a rubuce tun ranar farko.

Kowane biya da resinsa, a kuma shigar da shi a kaye. Kosiyo amana ce a hannunka, ba ribar ciniki ba, ranar fita a cire abin da aka lalata a mai da saura. Mai gidan da ya karɓi kuɗin shekara gaba ɗaya ya kashe a biki, idan rufi ya yi yoyo a Yuli ba shi da bakin cewa babu kuɗi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ware kuɗin wata guda a kowace shekara don gyara, ka yi shi a watan Mayu kafin hadari ya haɗu. Ka je biron lanho da kanka ka ji abin da ke kanka, kada ka jira takardar tara. Ɗan'uwa ko ɗan aboki kuwa, ka zaɓi ɗaya tun farko: ko ka ba shi ɗaki kyauta don Allah ka cire shi daga lissafi, ko ya sa hannu kamar kowa. Tsaka-tsaki shi ke kashe zumunci.

Idan biya ya tsaya, ka yi magana a wata na farko, cikin sirri da mutunci. Bashin wata guda ana biyan sa, na wata takwas sai dai a yi gaba. Ka bambanta wanda albashinsa ya makara, ko rashin lafiya ta same shi, da wanda ya mai da abin hali. Na farko a yi masa jadawalin biya a rubuce, domin ɗan haya mai amana da ya makara ya fi ɗakin da ɓeraye ke kwana. Na biyu a kai maganar gaban mai unguwa, sa'an nan fadar sarki, inda ake sulhu a rubuta takardarsa. Idan ya ƙi, sai kotu. Kada ka cire ƙofa, kada ka kware kwano, kada ka sa kwado a ɗakin mutum ko ka watsa kayan matarsa a titi. Fitar da ɗan haya aikin alƙali ne da wisiye. Wanda ya yi da hannunsa yakan shiga jandarmari yana mai bin bashi, ya fito shi ake bi.

Mai gidan da aiki ya kai shi Difa ko Tawa yana bukatar wakili, amma kada kuɗi su kwana a hannun wakilin. Ɗan haya ya aiko kai tsaye ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza, resin aikawa ya zama shaida. Wakili aikinsa duba gida, a kuma yanka masa ladansa a fili.

Shago da hukuncinsa dabam

Masu ba da hayar shago da mangaza su buɗe kunne. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993, kuma dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ita ke hukunta hayar wurin sana'a, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ɗan kasuwar da ya yi shekara 2 yana sana'arsa a shagonka bisa sharuɗɗa ya sami haƙƙin a sabunta masa. Idan ba a yanka wa hayar wa'adi ba, mai son rabuwa sai ya ba da sanarwar wata 6. Idan ka ƙi sabuntawa ba tare da hujjar da doka ta yarda da ita ba, sai ka biya shi diyyar tashi. Idan ya daina biya, sai an aika masa gargaɗi a hukumance an jira wata guda kafin a nemi kotu ta raba. Sayar da gini kuma ba ya kashe haya. Wanda ya sayi jerin shaguna a bakin kasuwar Cadawa da niyyar ya kori na ciki ya sa ƙanensa, ya sani ya saye su ne da mutanensu da haƙƙoƙinsu.

Da yawa daga masu karanta wannan shafi ƴan haya ne a yau, masu gida gobe. Malamin da aka turo Gangara ko Saye Sabuwa, ya san cewa mai ɗakin da yake ciki wataƙila gwauruwa ce da marayu, kuɗin nan su ne cefanensu. Ya biya kafin a tambaye shi, ya faɗi ranar tafiyarsa da wuri, ya bar ɗaki yadda ya same shi. Mai gida kuma ya san cewa a ƙaramin gari labari ba ya kwana. Malamin da zai tafi shi ne yake gaya wa wanda zai gaje shi gidan da zai nufa da wanda zai guje wa, ƴan haya kuma ba su da yawan da za a yi wasa da su. Wanda ya gyara rufi a kan lokaci, ya ba da resi, ya mai da kosiyo ba gardama, ɗakinsa ba ya daɗewa a rufe.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun ajiyar aya da wake a mangaza, da abin da ya kamata mai kaya da mai mangaza su rubuta tsakaninsu. Allah ya sa albarka a abin da muka tara, ya raba mu da rigimar ƙasa. Wassalam.